Takardar Da Aka Ɓoye Cikin 'Yar Tsana

Gardamar ta tashi ne a wata rumfar shayi da ke bayan kasuwar Mont-Bouët, ranar wata Lahadi da la'asar, sa'ad da ruwan sama ya tsare mu, kusan mu goma, a ƙarƙashin kwano ɗaya. Wani ƙaninmu da ke aiki da Sinawa a masana'antar katako ta Nkok ya ciro wayarsa ya kunna mana wata tsohuwar waƙa, irin wadda ake jin ƙarzar faifan garmaho a bayanta. Muryar mace ce, siririya, tana hawa kamar ba za ta sauko ba. Ya ce maigidansa ba ya tayar da mota sai ya kunna ta, kuma shi ya gaya masa sunan mai waƙar Li Xianglan, tauraruwar finafinan Shanghai a zamanin yaƙin duniya na biyu. Amma wani Basinen da suke aiki tare, da ya ji ana zancenta, sai ya taɓe baki ya ce ai ba tasu ba ce, 'yar Japan ce.

Nan take majalisa ta dare. Wani dattijonmu mutumin Bitam, wanda duk muke kira Kawu, ya karɓi wayar ya ƙura wa hoton ido. Ya ƙoshi da finafinan Canis tun yana saurayi, don haka ba a cika ja da shi a wannan fanni ba.

"Kai yaro," in ji shi, "ka ga wannan riga, ka ji wannan harshe, sannan ka ce mini ba 'yar Canis ba ce?"

"Allah ya huci zuciyarka, Kawu, abin da aka faɗa mini na faɗa."

Wani ya ce wataƙila ruwa biyu ce. Wani ya latsa wayarsa ya ce ai harbe ta aka yi bayan yaƙi saboda leƙen asiri. Na kusa da shi ya latsa tasa ya ce sam, sai da ta tsufa tukuf, har majalisar dokoki ta shiga. Ruwa ya ɗauke, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Mu uku muka ɗauki alkawarin bin sawun maganar. Mun san akwai mai cewa rashin abin yi ne, Bahaushen Libreville ya ɓata darensa a kan asalin wata mawaƙiyar da ta yi tashe tun kafin a haifi iyayensa. Mu ma da farko nishaɗi muka ɗauke shi. Mako biyu muka yi, ɗaya yana karanta abin da aka rubuta da Faransanci, ɗaya na Ingilishi, ƙanin namu kuma yana komawa wurin Sinawan da tambayoyi. Abin da muka tarar ya fi ƙarfin rumfar shayi.

An haife ta ranar 12 ga Fabrairu 1920 a yankin Mancuriya, arewa maso gabashin ƙasar Sin. Tun daga nan saɓani ya fara. Shafuka da dama sun ce a Fushun aka haife ta, garin haƙar kwal. Rubuce-rubucen da suka fi kusa da ita kuwa sun ce a wani ƙaramin gari ne kusa da Mukden, birnin da ake kira Shenyang a yau, sannan iyayenta suka koma Fushun tana jaririya, a can ta tashi. Da muka jera masu cewa Fushun, sai muka ga kusan jimla ɗaya ce ke yawo daga shafi zuwa shafi, har wurin waƙafi bai sauya ba. Shaida ɗaya ce ta sa riguna goma. Malamanmu na hadisi sun daɗe da sanin wannan cuta, shi ya sa ba sa tambayar mutum nawa suka faɗa, sai su tambayi kowane daga bakin wa ya ji.

A kan iyayenta babu wata ja-in-ja. Uwa da uba duk Japanawa ne. Mahaifinta, Yamaguchi Fumio, yana koya wa ma'aikatan kamfanin jirgin ƙasa na Kudancin Mancuriya harshen Sinanci, kuma sunan da ya raɗa mata Yoshiko. To ina Li Xianglan ya fito? Daga wata al'ada da ba za ta ba Bahaushe mamaki ba. Uban yana da aminai cikin manyan Sinawa, irin amincin da ake ɗaure shi da rantsuwar 'yan'uwantaka, kuma amini yakan karɓi 'yar amininsa a matsayin tasa ya ba ta suna. Wani janar mai suna Li Jichun ya ba ta sunan gidansu, Li, ya haɗa da Xianglan, sunan wani fure mai ƙamshi. Wani aminin, Pan Yugui, wanda daga baya ya zama magajin garin Tianjin, ya kira ta Pan Shuhua, kuma da wannan suna ta yi makarantar 'yan mata a Beijing, tsakanin ɗalibai Sinawa da ke cike da fushin Japan, ba tare da ta bari sun gane ko ita wace ce ba. Tun ba ta cika ashirin ba tana da suna uku, kowane da ƙofar da yake buɗewa.

Fushin yana da dalili. Japan ta mamaye Mancuriya a 1931, a 1932 ta kafa wata ƙasa ta jeka-na-yi-ka mai suna Manchukuo, ta ɗora Puyi, sarkin Sin na ƙarshe, a kan kujera. A 1937 aka kafa kamfanin finafinai na wannan ƙasa, aikinsa ya nuna wa duniya cewa Sinawa da Japanawa suna zaman ƙauna. Suna neman budurwa Basiniya mai jin Japananci da za ta riƙa faɗawa soyayyar Bajapane a majigi. Sai suka sami abin da ya fi musu: Bajapaniya mai Sinanci kamar a bakinta aka yanke shi. Ta fara fitowa a 1938 da sunan Li Xianglan, Japanawa kuma suna karanta haruffan sunan da nasu lafazin, Ri Koran. Aka rufe asalinta ruf.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mana a rai cikin binciken. Kuskuren Kawu ba nasa ba ne shi kaɗai, miliyoyin mutane sun yi shi, kuma da gangan aka gina shi da kuɗin gwamnati. Da a ce mun sami tsohuwar mujalla ta 1940 mun kawo rumfar shayi a matsayin hujja, da ta goyi bayan Kawu, domin waɗanda suka ɓoye gaskiyar su ne masu injin buga mujallar. Mukan girmama tsohuwar takarda kamar yadda muke girmama furfura, alhali ƙarya ma tana tsufa. Dole a tambayi wa ya rubuta, a wane lokaci, kuma me zai ci idan an yarda da shi.

Fim ɗin da ya fi jawo mata baƙin jini ya fito a 1940, sunansa da Japananci Shina no Yoru, wato daren ƙasar Sin. Ta fito a marainiya Basiniya mai ƙin Japanawa, wani matuƙin jirgin ruwa Bajapane ya sharara mata mari, daga nan ta kamu da sonsa. A Japan an yi ta tafi. A watan Fabrairu 1941, da ta je yin waƙa a wani babban zauren Tokyo, layin masu neman tikiti ya zagaye ginin sau bakwai da rabi, har abin ya zama karin magana a can. Sinawa kuwa sun ga cin mutunci ne ƙarara, kuma abin da ya fi ƙona musu rai shi ne a zatonsu 'yarsu ce ta yarda aka yi da ita. A 1943 wani ɗan jarida a Beijing ya tambaye ta a bainar jama'a yadda Basiniya za ta fito a irin wannan fim. Ta ba da haƙuri, ta ɗora laifin a kan ƙuruciya, amma ba ta ce ita ba Basiniya ba ce. A 1944 ta rera waƙar da ƙaninmu ya kunna mana, Ye Lai Xiang, wadda ta zama ɗaya daga cikin fitattun waƙoƙin Shanghai.

Japan ta miƙa wuya a watan Agusta 1945, Li Xianglan tana Shanghai. Gwamnatin Sin ta shiga kame 'yan ƙasa da suka yi wa abokan gaba aiki, laifin cin amanar ƙasa, wanda hukuncinsa kan kai ga kisa. Aka tsare ta. Har jaridu suka buga cewa za a harbe ta a filin sukuwar birnin. A nan al'amarin ya juye gaba ɗaya. Ba ya yiwuwa a ce mutum ya ci amanar ƙasar da ba tasa ba. Idan Basiniya ce, ta mutu. Idan Bajapaniya ce, 'yar abokan gaba ce kawai da za a tasa ƙeyarta zuwa gida. Sirrin da aka shafe shekara bakwai ana binnewa shi kaɗai ya rage mata. Ta buɗe baki ta faɗa, amma wa zai yarda? Kowa ya ga fuskarta, kowa ya ji harshenta, kuma duk wanda wuƙa ke wuyansa zai iya cewa shi ba ɗan gari ba ne.

Japan tana da wani kundin iyali da ake kira koseki, wanda tsarinsa na zamani ya faro tun 1872. Kowane gida yana da shafinsa a ofishin garinsu na asali, ana rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Iyayenta suna Beijing da kwafin nasu. Wata ƙawarta ta ƙuruciya, Barashiya mai suna Lyuba, wadda ke aiki da ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet, ita ta yi hanyar da takardar ta iso Shanghai a ɓoye cikin wata 'yar tsana ta Japan. Kotu ta duba, ta ga sunan Yoshiko 'yar Yamaguchi Fumio. A watan Fabrairu 1946 aka sallame ta, bayan alƙali ya nuna mata cewa kuɓuta daga doka bai wanke ta daga abin da finafinanta suka yi ba. A ƙarshen Maris ta shiga jirgin ruwa zuwa Japan, ƙasar da sunanta ke cikin kundinta amma ba ta taɓa zama a cikinta ba sai da ziyara.

Ko a nan sai da muka taka birki. Wasu sun ce a cikin kan 'yar tsanar aka cusa takardar, wasu sun ce a cikin ɗamararta. Da muka bi, sai muka ga mafi yawan wannan ɓangare na labarin daga bakinta ya fito, musamman littafin tarihin rayuwarta na 1987. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, gaskiya ne, amma mai waƙa yakan gyara waƙarsa, balle bayan shekara arba'in. Sai muka kasa abin da muka tara kashi-kashi. Haihuwarta da iyayenta da sallamar kotu, waɗannan muka ce sun tabbata. Zancen 'yar tsana da abin da ta ji a ranta a gaban ɗan jaridar Beijing, muka rubuta a gefensu: ita ta faɗa. Ba mu ƙaryata ta ba, mun dai ajiye kowace magana a mazauninta.

Saura wanda ya ce an harbe ta. Shi ma ba daga iska ya ɗauko ba, mata biyu ya haɗa wuri ɗaya. Akwai wata Yoshiko ɗin, Kawashima Yoshiko, wadda suka san juna sosai. Ita gimbiya ce ta gidan sarautar Manchu da ya mulki Sin har 1912, mahaifinta Yarima Su ya ba wani amininsa Bajapane, Kawashima Naniwa, riƙonta tun tana yarinya. A Japan ta girma, sunan Japan take amsawa, tana sa kayan soja na maza, kuma ta yi wa Japan aikin leƙen asiri. Aka kama ta a Beijing a 1945 da laifi iri ɗaya. Ta aika wa uban riƙonta tana neman takardar da za ta nuna ita 'yar Japan ce, ashe bai taɓa shigar da sunanta cikin kundin gidansa ba. Kotu ta ce ɗan Basine Basine ne. Aka harbe ta ranar 25 ga Maris 1948, kodayake har yau akwai masu cewa wata aka harbe a madadinta. Ba muna cewa laifinsu ɗaya ba ne, wadda ta yi leƙen asiri da wadda ta yi fim. Amma abin da ya raba makomarsu a gaban kotu shi ne layi ɗaya a cikin kundi: ɗaya an rubuta ta, ɗaya an manta.

Mai maganar majalisar dokoki shi ya fi kowa kusa da gaskiya. Ta ci gaba da fim a Japan, ta fito a na Kurosawa Akira a 1950, ta je Amurka ta yi wasu da sunan Shirley Yamaguchi, ta auri wani jami'in jakadanci a 1958 ta koma Otaka Yoshiko. Suna biyar ke nan. Ta yi aikin talabijin, har ta kawo rahotanni daga yankin Falasɗinu, sannan aka zaɓe ta majalisar dattawan Japan a 1974, ta zauna har 1992. Ta sha bayyana nadamarta a kan finafinan zamanin yaƙi. Ta rasu a Tokyo ranar 7 ga Satumba 2014 tana da shekara 94.

Muka koma rumfar shayi da wannan duka, muna jiran Kawu ya ja. Bai ja ba. Ya saurara har ƙarshe, ya sa aka maimaita masa wurin gimbiyar da ba a rubuta ba, sannan ya ce mu biyo shi gida Akébé.

Wata tsohuwar jakar fata ya ɗauko daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai takardun mahaifinsa guda uku, sun yi launin ƙasa, an liƙe gaɓoɓinsu da salatif. A gurbin ranar haihuwa an rubuta kalmomin nan biyu na Faransanci da kowane gidanmu ya sani, né vers, wato an haife shi wajajen shekara kaza, kuma shekarar da ke takarda ta farko ba ita ce a ta biyu ba. Sunan ma kowace da yadda ta rubuta shi. Mun san yadda abin ke faruwa. Wanda aka raɗa wa Abubakar, a gida Garba ne, a kasuwa Buba, magatakardan Bafaranshe kuma ya rubuta abin da kunnensa ya ji, yau Boubacar, gobe Aboubakar. Wani ma sunan ranarsa aka ɗauka, wani sunan garin da kakansa ya baro. Iyayenmu ba da lamba suke riƙe shekaru ba, da abin da ya faru suke riƙewa: shekarar da aka kashe Sardauna, shekarar da Léon Mba ya rasu. Wanda ya san tarihi zai ce 1966 da 1967, amma ma'aikacin ofis ba ya karɓar wannan lissafi.

Jikan Kawu ya ci bakaloriya, yana neman takardar shaidar ɗan ƙasa don ya nemi tallafin karatu. An ce ya kawo hujjar cewa waɗannan sunaye uku na mutum ɗaya ne, kuma a ƙasar nan aka haifi mutumin. Wata na huɗu ke nan ana kai da komowa. Kakanninmu sun shigo arewacin ƙasar nan da fatauci ta Kamaru tun kafin 'yancin 1960, wasu tun lokacin da ba a gama sanin ta wa ce ba; Faransa ta miƙa wa Jamus yankin Oyem da Bitam a 1911, sai yaƙin duniya na ɗaya ya mayar mata da shi. Yaron da aka haifa a Bitam a 1913 a ƙarƙashin tutar Jamus aka haife shi, a wani yanki da babu shi a taswirar yau, kamar yadda babu Manchukuo. Amma idan jikansa ya shigo ofis da hula da sunan Musulunci, tambayar farko da ake yi masa ita ce daga wace ƙasa ya zo. Hukuncin da Kawu ya yanke wa mai waƙa, da riga da harshe, shi ake yanke wa jikansa.

A ƙasar nan ba ma buƙatar a je Shanghai kafin a gane nauyin takardar haihuwa. A 2014 ɗan jaridar Faransa Pierre Péan ya fitar da littafi yana cewa Ali Bongo, shugaban ƙasa a lokacin, maraya ne da aka ɗauko daga Biyafara, shi kuma ya ƙaryata. Maganar tana da haƙori, domin tsarin mulkin wancan lokaci ya hana wanda ya sami zama ɗan ƙasa daga baya tsayawa takarar shugabanci. Sai da aka je Nant a Faransa, inda ake ajiye kundayen haihuwa na zamanin mulkin mallaka, a 2015 kotu ta ba da izinin duba takardar, aka ga an rubuta Brazabil, 9 ga Fabrairu 1959. Masu shakka ba su daina ba. Babban abokin karawarsa a zaɓen 2016, Jean Ping, haifaffen Omboué ne a 1942, mahaifinsa ɗan kasuwa ne daga Wenzhou ta ƙasar Sin, shi ma an yi ta jifansa da asalinsa. Ba siyasa ce ta kawo mu nan ba. Abin lura shi ne takardar Yoshiko ta yi aiki domin ta tarar da alƙalin da ya yarda ya karanta ta. Inda zuciya ta riga ta yanke hukunci, ko hatimi goma ke jikin takarda sai a ce na jabu ne.

Kuma ko an karanta ta, tambaya ɗaya tak takarda ke amsawa. Kundin gidan Yamaguchi ya ce 'yar Japan ce. Bai ce komai ba a kan yarinyar da aka haifa a ƙasar Sin, ta yi karatu da Sinanci, ta yi mafarki da shi, ta bar ƙasar tana da shekara 26 ba don tana so ba. Basinen da ya taɓe baki yana da gaskiya, maigidan da ba ya rabuwa da waƙarta shi ma ba a kan ɓata yake ba. Mu da ake ce wa 'yan Gabon idan mun je Kano ko Maraɗi, a nan kuma a ce mana baƙi, mun san wannan wuri na tsakiya fiye da yadda za mu iya bayyanawa.

A daren muka ɗauki hoton takardun Kawu ɗaya bayan ɗaya, muka adana a waya uku. Muka zauna da shi muka rubuta sunayen dattawa biyu da suka rage a Bitam waɗanda suka san mahaifinsa da dukan sunayensa, domin kotu tana karɓar shaidu idan za ta ba da takardar da ke maye gurbin ta haihuwa. Ɗaya daga cikinsu ya haura tamanin, ba ya fita ko masallaci. Jikan zai hau mota ranar Juma'a.

Da za mu tashi Kawu ya dubi ƙanin namu ya ce, "Ɗana, ka tambayar mini maigidan naka, ya san ba 'yarsu ba ce?"

Ya tambaye shi washegari a hanyar Nkok. Mutumin ya ce ya sani, tun yana yaro kakarsa ta gaya masa. Sannan ya miƙa hannu ya ƙara murya.